Kafin Ka Rubuta Sunanka: Abin da Kakana Ya Gani a Iyakar Ƙonni a 1964



Iyayenmu da ke zaune nan gaba, malamai, iyaye mata, yayyena da ƙannena, sannunku da zuwa, sannunku da haƙurin zafi. Na san wasu daga Kalfu suka taso, wasu daga Barmu da Afala, har na hango baƙinmu na Takanamat can baya. Allah ya maida kowa gidansa lafiya.

An ce in yi magana a kan matasa da tsaro. Bari in fara da abin da ya hana ni barci. Cikin watan nan abokaina uku sun yi mini tambaya guda: in aka buɗe rubuta sunan ƴan sa-kai a Tawa, za ka shiga? Ƙanena kuwa, uwa ɗaya uba ɗaya, mai shekara 19, bai tsaya tambaya ba. Muna shan shayi a fada ya dube ni ya ce: "Yaya, ranar da aka buɗe, ni ne na farko a layi." Ban ba shi amsa ba a daren. Yau nake son in ba shi, a gabanku, don na san kusan kowane gida a nan yana da irin wannan yaro.

Kun san inda maganar ta taso. Tun 26 ga Yuli 2023 kalmar ƴanci ta dawo bakin kowa. Zancen ƙasa ne, haka muka riƙa faɗa a tituna, kuma ni ma da ni aka faɗa. Ranar 19 ga Agusta na shekarar, lokacin da CEDEAO ke barazanar kawo yaƙi, dubban matasa sun cika ƙofar filin wasa na Seyni Kountché a Yamai suna neman a rubuta sunansu. A Disamba sojan Faransa na ƙarshe ya bar ƙasar. A Agusta 2025 ƙungiyar M62 ta fito da shirin da ta kira Garkuwar Ƙasa. Saboda haka maganar farar hula su ɗauki nauyin tsaro ta wuce hira, ta iso ƙofar gida.

Mu kuma mutanen jihar Tawa ba sai an karanta mana dalili ba. Tun Maris 2017 Tiliya da Tasara ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci. Ranar Lahadi 21 ga Maris 2021 mahara bisa babura suka faɗa wa Intazayan da Bakorat da Wistan, gwamnati da bakinta ta ce mutum 137 aka kashe, aka yi makokin kwana uku. Wanda ya tona wa ɗan'uwansa kabari a ranar, in ya ce yana son bindiga, ba ni da bakin da zan ce masa ya yi haƙuri. Duk abin da zan faɗa bayan nan, ku riƙe wannan tukuna: ban zo in kira kowa matsoraci ba, ban kuma zo in kira kowa ɗan ta'adda ba.

Abin da na zo da shi labarin kakana ne, Allah ya jiƙan shi. Amma kafin shi sai na ɗan maida ku baya, don da yawanmu ba a koya mana wannan babi a lakwal ba.

Ranar 28 ga Satumba 1958 Janar de Gaulle ya sa ƙasashen da Faransa ta mallaka su zaɓa: "i", a zauna tare da Faransa, ko "a'a", a karɓi ƴanci nan take. A Nijar, mai riƙe da gwamnati a lokacin shi ne Djibo Bakary, jagoran jam'iyyar Sawaba mai alamar raƙumi, kuma ya ce a'a. Faransa ta turo sabon gwamna, Colombani, aka haɗa ƙarfin mulki da na sarakuna da dama, aka ce "i" ta ci da kusan kashi 78 cikin ɗari. Gine kaɗai ce ta fita da a'a. Djibo ya sauka, Diori Hamani na RDA mai alamar giwa ya hau, a Oktoba 1959 aka haramta Sawaba, ranar 3 ga Agusta 1960 aka ba da ƴanci.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ƴan Sawaba sun ce wannan ƴanci rabi ne, tunda sojan Faransa na nan kuma mashawartan Faransa na cikin ofisoshi. Suka tura samarinsu koyon yaƙi a Gana ta Nkrumah, da Aljeriya, da Sin, da Biyetnam ta Arewa. Daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba 1964 suka fara ketaro iyaka ƙungiya-ƙungiya, galibi daga Najeriya da Dahomai, ƴan ɗaruruwa kaɗan, da zaton talakawa za su tashi su mara musu baya. Gwamnati kuma ta ce waɗannan karnukan farautar ƙasashen waje ne da suka zo su rushe ƴancin da aka samu. Sojojinta ba su da yawa, iyaka kuwa doguwa ce, sai ta jingina da ƴan bangar jam'iyya da samarin ƙauyuka masu kwari da baka da sanduna. Cikin ƴan makonni aka murƙushe su. A yankin Ƙonni aka kashe ɗaya daga cikin jagororinsu, Dandouna Aboubakar, aka kai gawarsa Yamai aka baje ta mutane su gani. Cikin Oktoban aka harbe mutum huɗu a bainar jama'a. A Afrilu 1965, a filin idin babbar salla, wani ya jefa wa Diori gurneti, bai same shi ba, aka ƙara tsananta kame.

Ku lura da abu guda. Mai ketarowa da bindiga ƴanci yake faɗa. Mai tare shi da kwari da baka shi ma ƴanci aka ce masa yana karewa. Kuma dukansu ɗiyan ƙasa guda ne, sau da yawa masu harshe guda.

Kakana yana da shekara ashirin da ƴan kai a lokacin. Ba ɗan giwa ba ne, ba ɗan raƙumi ba ne, bai san baƙi ko ɗaya na boko ba. Daga ƙauyenmu da ke arewa da Tawa ya kora jakuna zuwa Ƙonni da kayan wani ɗan kasuwa, da niyyar ya juyo cikin kwana goma don a ƙarasa yankan hatsi. Yana zango aka rufe hanya. Aka yi shela duk saurayi mai ƙarfi ya fito sintiri, baƙo da ɗan gari. Ban san ko akwai wanda ya ce ba zai fita ba, shi dai ya ce a lokacin wanda ya noƙe sunansa ɗan Sawaba. Aka ba su wani gardi guda mai bindiga, su kuma kowa da abin da ya samu. Shi sandar korar jakinsa ce makaminsa. Ya kwana kusan ashirin yana kwanciya cikin karan dawa yana kallon hanyoyin ƙafa da ke fitowa daga Najeriya.

Wata asuba suka kama wani mutum shi kaɗai, da akwatin ƙarfe a ka. Aka buɗe akwatin: yadi, sabulu, fitila, wata takarda mai rubutun boko da babu mai iya karantawa a cikinsu, da kwabban Gana masu kan Nkrumah. Daga ganin kan Nkrumah sai wani ya yi ihu, sauran kuma suka rufe shi da duka. Mutumin yana rantsuwa shi ɗan ci-rani ne, shekara uku yana dako a Kumasi, gida zai koma. Da ya buɗe baki kakana ya ji Adaranci tsantsa. Ya faɗi sunan ƙauyensu, wanda ke tafiyar hantsi daga namu. Ya dubi kakana ya ce: "Kai ɗan'uwa, ai ka san garinmu, hwaɗa musu." Kakana ya ce ya san garin, ya san har rijiyarsu, amma bakinsa ya mutu, don in ya yi magana shi ne na biyu. Da igiyar jakinsa aka ɗaure mutumin. Shi da wasu biyu suka kai shi bariki, aka karɓe shi, aka ce su koma bakin aiki. Ba wanda ya rubuta sunan wanda aka kawo, ba wanda ya rubuta sunan waɗanda suka kawo shi. Mutumin bai koma gida ba.

Ina aji na ƙarshe a lise lokacin da ya ba ni wannan labari. Ni da rawar kan yarinta na ce: "Kaka, to ɗan Sawaba ne ko ba shi ba ne?" Ya ce: "Abokina, shekara hamsin ina tambayar kaina. In shi ne, ni ban gani ba. In ba shi ba ne, ni na ɗaure shi." Ya yi shiru, sannan ya ce: "Giwa ta tahi, raƙumi ya tahi, mu munka saura da juna."

Kuma haka ne. Ranar 15 ga Afrilu 1974 Seyni Kountché ya kifar da Diori, RDA ta watse, aka buɗe wa fursunonin siyasa ƙofa, Djibo Bakary ma ya dawo gida kafin daga baya a sake tsare shi. Manya sun yi faɗansu sun gama. Amma labari ba ya ɓuya a Adar. Dangin mutumin sun ji wanda ya riƙe igiya. Ba su san sunan babban da ya karɓe shi a bariki ba, sunan kakana suka sani. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Har ya tsufa akwai layin da ba ya bi a kasuwar Lahadi ta Tawa. An nemi aure tsakanin gidanmu da wancan gari sau ɗaya, aka maido goro. Ladan kwana ashirin ɗin nan kuwa, ko dala ba a ba shi ba, hatsinsa ma tsuntsaye sun ci rabi kafin ya koma.

Da na shiga jami'a na sami littafin da wani masanin tarihi ɗan Holan, Klaas van Walraven, ya rubuta a kan Sawaba, wanda ya fito a 2013. Ya zaga ƙasar nan ya zauna da tsofaffin ƴan Sawaba ya ji ta bakinsu. Na ji daɗi da aka rubuta nasu. Amma na rufe littafin ina tunanin irin su kakana, waɗanda aka ce sun yi nasara. Ba su da lamba, ba su da fansho, ba su da ranar tunawa, kuma da yawansu sun mutu da abin da ba su iya faɗa wa ɗiyansu ba.

Yanzu wani zai ce mini: malam, ai 1964 daban, yau daban. Gaskiya ne, kuma ina son in faɗi bambancin da bakina. Masu kai hari a Tiliya ba ƴan siyasa ne da aka hana zaɓe ba. Mutane ne masu karɓar dabbobi da sunan zakka, masu ƙone rumbu, masu harbe mai ɗibar ruwa a bakin rijiya. Ba na haɗa su da ƴan Sawaba ko kusa. Abin da bai canja ba shi ne matsayin saurayin da aka ba sanda ko bindiga aka ce tsare nan. Shi ne a gaba, shi ne mafi ƙarancin horo, shi ne aka sani da suna da gida, kuma shi ne zai ci gaba da zama a wurin bayan kowa ya watse. Soja ana canja masa bariki. Ɗan sa-kai ba a canja masa ƙauye.

Mu duba maƙwabta, don in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa.

A Maiduguri, a 2013, samarin gari suka tashi da gora da adda, waɗanda ake kira kato da gora, suka taimaka wa soja aka fitar da Boko Haram daga cikin birni. Wannan ya yi amfani, ba mai musu. Sun san unguwa, sun san fuska. Daga baya gwamnatin Borno ta riƙa ba wasu alawus, aka ɗauki wasu aikin soja. Wato abin yana iya yin kyau in hukuma ta rungume shi ta ɗauki nauyinsa, ko da yake can ma an yi ta koke-koken cin zarafi.

A Zamfara kuwa ƴan sa-kai sun fara ne da farautar ɓarayin shanu, sai abin ya koma kashe Bafulatani a kasuwa don kawai Bafulatani ne. Waɗanda aka kashe wa dangi suka shiga daji suka sayi bindiga. Yau ku tambayi duk wanda ke bin hanyar Gusau yadda ta kaya. Nan kusa da mu, a Tangaza da Gudu ta jihar Sakkwato, an ba da labarin yadda wasu shugabannin jama'a suka gayyato baƙi masu bindiga su kore musu ɓarayi. Baƙin nan su ne Lakurawan da yanzu ke addabar iyakar, har ɓangarenmu.

A Mali, ranar 23 ga Maris 2019, an kashe Fulani fiye da 150 a Ogosagu, kuma ƙungiyar mafarauta ta kare kai aka zarga. A Burkina Faso an yi doka a Janairu 2020 ta kafa ƴan sa-kai na VDP da horon kwana 14. Kwana goma sha huɗu, jama'a. Ko gyaran babur ba a koya a haka. A Yuni 2021 da mahara suka shiga Solhan, sansanin ƴan sa-kai suka fara faɗa wa, sannan suka bi gida-gida suka kashe fiye da mutum 130. Ƙauyen da ya ɗauki bindiga kaɗan yakan zama abin hari, in babu soja kusa da zai kawo ɗauki.

Ba sai mun je nesa ba ma. Ranar 2 ga Nuwamba 2021 magajin garin Banibangu ya fita da ƴan sintirinsa bisa babura, aka yi musu kwanton ɓauna, mutum 69 suka rasu har da shi. Mazaje ne, ba wanda zai ce ba su da zuciya. Zuciya ce kaɗai suke da ita da yawa. Cikin watan nan dai aka sake kai hari Bakorat aka kashe mutum 25.

Kuma mu a arewacin jihar nan mun taɓa bin wannan hanya. Bayan abin da ya faru a Cintabaradan a Mayu 1990 tawaye ya tashi, aka kafa ƙungiyoyin kare kai, ciki har da kwamitin sintiri na Tasara. An sa hannu a kan sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995, ranar da muke hutu kowace shekara don haɗin kan ƙasa. Amma sai 25 ga Satumba 2000 aka tara makamai aka ƙone a Agadas. Shekara biyar da wata biyar tsakanin sa hannu da ƙone bindiga. Raba ta yini guda ne, karɓo ta kuwa sai an sha wuya.

To me nake cewa? Mu naɗe hannu? A'a. Cewa nake, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ɗayanmu ya rubuta sunansa, akwai tambayoyi biyar da ya kamata a amsa mana a rubuce. Wanda ya yi su ba maƙiyin ƙasa ba ne. Mai shirin ba da ransa yana da haƙƙin ya san sharaɗin.

Ta farko: wace doka ce ta kafa mu, kuma wa ke ba da umarni? Muna son takarda mai sa hannu, a karanta ta a rediyo da Hausa da Tamajak da Fulatanci da Larabci, kowa ya ji. Muna son mu san hafsan da za a tambaya in abu ya ɓaci. Ƙungiyar da ke karɓar umarni daga ɗan siyasa, ko attajiri, ko mai unguwa, ta riga ta zama rundunar wani, ko wane suna aka sa mata.

Ta biyu: su wa za a ɗauka? Adar da Azawak ba na ƙabila guda ba ne. Marigayi Djibo Hamani, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, ya rubuta tarihin Adar ya nuna yadda Hausawa da Abzinawa suka cuɗanya a nan ɗaruruwan shekaru. Ga Fulani, ga Larabawa. In aka ba manomi bindiga aka hana makiyayi, ko aka ba wannan zuriya aka bar waccan, rikicin gona da burtali da rijiya da muke kashewa a gaban hakimi zai koma ana kashe shi da harsashi. Kowace ƙungiya ta zama da kowa a ciki, sarakuna da limamai da mata su tantance wanda zai shiga. Yaron da unguwa ta sani da sata ko shan ƙwaya, kada a ba shi bindiga don a rabu da fitinarsa.

Ta uku: ina iyakar aikinmu? Wannan ita ce tambayar kakana. Ɗan sa-kai ya tsare garinsa, ya sa ido, ya kai labari da wuri. Ba alƙali ba ne. Duk wanda aka kama, a miƙa shi ga jandarma a ranar, a rubuta sunansa da garinsu da sunan wanda ya kawo shi da wanda ya karɓa, a kuma sanar da danginsa. Mu mutanen ci-rani ne. Babu gidan da ba shi da ɗa a Abijan ko Libiya ko Legas. Gobe ɗanka ne zai sauko daga mota da jaka a baya, da kuɗin wata ƙasa a aljihu, da lambobin waje cikin salularsa, a gaban samarin da ba su san shi ba. Littafin nan na rubuta suna shi zai cece shi, shi ne kuma zai ceci wanda ya kama shi daga abin da ya ci kakana.

Ta huɗu: in na mutu, ko na rasa ƙafa, wa zai ci da iyalina? Soja yana da lamba, yana da albashi, iyalinsa na da abin da doka ta tanadar musu. Ɗan sa-kai fa? A faɗa mana jika nawa, daga wane asusu, a wane ofishi matarsa za ta je, da wace takarda. Kuma in aka kawo mana hari da dare, daga wane bariki ɗauki zai taso, cikin awa nawa? In amsar ita ce Allah ya kiyaye, to amin, amma a bar yaran mutane su yi noma.

Ta biyar: yaushe za a ajiye? Kowace bindiga da lambarta da sunan mai riƙe da ita, a san inda take kwana, a san ranar da za a maido ta. A kuma faɗi abin da saurayin zai koma yi: aikin soja ga wanda ya cancanta, sana'a ko jari ga saura. Wanda ya shekara uku ana buɗe masa hanya saboda abin da ke kafaɗarsa, da wuya ya koma tura baro a kasuwa da daɗin rai.

Na san akwai mai cewa a ransa: ɗan boko ya zauna cikin Tawa, inda ke da bariki da kwalta, yana jera tambayoyi, mu kuwa ana kashe mu. Na karɓi wannan, kuma yana da gaskiyarsa. Mutumin Tiliya ba zai jira takarda ba in ya ji ƙarar babura. Shi ya sa nake cewa nauyin yana kanmu mu na birni. Mu da muke da dama mu shiga ofishin gwamna, mu yi magana a rediyo, mu rubuta a Facebook, mu ne ya kamata mu matsa a amsa tambayoyin nan da wuri, don wanda ke bakin daga kada a bar shi da zuciya kaɗai. Kuma akwai aikin tsaro da ba ya son bindiga wanda muke iya farawa gobe: tara abinci da tufafi ga waɗanda suka gudo, sa yaransu lakwal, ba da jini a asibiti in an kawo masu rauni, zaunar da manoma da makiyaya kafin a saki gonaki, da toshe bakin mai yaɗa jita-jitar ƙabilanci a WhatsApp. Mahara suna cin kasuwarsu ne a inda maƙwabci ya daina yarda da maƙwabci.

Ina roƙon abu biyu daga wannan zama. Na ɗaya, mu rubuta tambayoyin nan biyar, a gyara inda na yi kuskure, a ƙara abin da na manta, mu sa hannu mu kai wa hukumomin jiha da sarakunanmu cikin ladabi, mu kuma nemi amsa. Na biyu, wanda ke da tsoho a gida da ya ga 1964, ko ta ɓangaren giwa ko ta ɓangaren raƙumi, ya zauna da shi ya ɗauki muryarsa a salula. Wanda ke da shekara 20 a lokacin yau ya haura 80. Iyayena da ke nan gaba, ku yafe mini in na taɓa inda ke ciwo. Ku kuka gani, mu ji muka yi. Ku faɗa mana tun kuna nan.

Saura amsar ƙanena. Yana nan cikin taro, ba zan nuna shi ba don kada ya ji kunya. Ƙanena, ban hana ka son ƙasarka ba, kuma in ranar ta zo da sharuɗɗan nan a cike, ba kai ne na farko a layi ba, bayana za ka tsaya, don na girme ka. Amma in aka ce ka zo ka karɓa kawai, ba doka, ba littafi, ba wanda zai amsa, to ka tuna da tsohon da ya goya ka, wanda ya shekara hamsin yana kauce wa layi guda a kasuwar Lahadi. Igiyar jaki kaɗai ya ba da. Kai abin da za a sa maka a hannu ya fi igiya nauyi.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, sojoji da farar hula. Allah ya jiƙan mutumin nan mai akwatin ƙarfe, ko wane ne shi. Allah ya zaunar da Adar da Azawak da Nijar baki ɗaya lafiya, ya ba mu damina mai albarka.

Wanda ke da gyara ko tambaya, ga fili.